Jar Dawar Kaka

Duk lokacin da ruwan sama ya jiƙa tsohon bangon ƙasa wanda ya sha hayaƙi, warin nan na toka da laka yakan mayar da ni Jiwa, cikin madafar kakata. Ban sani ba ko ka taɓa shaƙarsa. Idan a gidan bulo ka tashi, to sai dai ka yarda da ni.

Mu Gbagyi ne, kuma matanmu ba sa ɗora kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, ko itace ne, ko doya, ko tulun ruwa. Kaka takan ce kai sarkin jiki ne, shi ke yi wa mutum tunani, ba a mayar da shi jaki. Maƙwabciyarmu kuwa Bazazzagiya ce, matar mai shagon bakin hanya, irin waɗanda ke ɗora tire a ka su saki hannu suna tafiya suna hira. Ba su taɓa haɗuwa a rafi ba su tsokani juna ba. Ita ta ce Kaka za ta ƙarasa tsufa a karkace, Kaka ta ce ai nauyin kaya ne ya danne mata wayo. Mu yara mu yi ta ƙyalƙyala dariya.

A shekarar da nake ba ka labari, damina ta yi mana wasa da hankali. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, sai ya ɗauke ƙaf. Dawa ta tsiro ta ƙone. Aka sake shukawa, ta sake ƙonewa. Abin da ya rage wa gidanmu shi ne 'yan zangarniyoyin da Kaka ta rataye saman murhu don hayaƙi ya hana ƙwari ci. Jar dawa ce da ta gada wurin uwarta, ba a samun irinta a kasuwa. In wannan ta salwanta, babu shuka a wannan shekarar, irin kuma ya ƙare ke nan.

Ruwan ya dawo ne wata ranar kasuwa da hantsi, manya duk sun fita, daga ni sai Kaka a gida. Ban taɓa ganin irinsa ba. Kafin azahar rafin bayan gida ya taso ya shigo mana, turmi da tabarma suna yawo a tsakar gida, bangon madafa ya fara zubewa. Kaka ta sauke zangarniyoyin cikin ƙwarya, ta rufe da faifai, ta aza a kafaɗa, ta kama hannuna muka nufi dutsen da mutane ke gudu zuwa.

Tsakaninmu da dutsen akwai wani kwari da muke tsallakewa da gudu da rani. Ran nan ruwansa ya kai ƙirjin babba. Ni ban isa in shiga da ƙafata ba, ita kuma ƙarfinta bai kai ta ɗauke mu duka biyu ba. Ta dube ni, ta dubi ƙwaryar. Sai ta sauke ta a kan wani kututture da ruwa ya riga ya fara lasa, ta durƙusa ta ce in hau. Na ga hawaye a idonta, kuma ko a lokacin na san ba tsoron ruwa ba ne.

Sai ga matar mai shago ta dawo daga kai 'ya'yanta dutsen, zani a ɗaure tamau.

"Iya, barin ta za ki yi? Kawo nan. Ni nawa kan talaka ne, ya saba."

"Kar ya jiƙe fa, 'yar Zariya."

"In ya jiƙe ki daina gaishe ni."

Ta ɗora ƙwaryar a ka, ta saki, ta riƙo Kaka da hannu biyu. Haka muka ratsa, ni a wuyan Kaka ina ƙanƙame da ita, ruwa yana fizgarmu, ƙwarya kuwa ko motsi ba ta yi ba. An yi shuka ta uku, Allah ya sa albarka. Da lokacin girbi ya yi, dami guda Kaka ta saɓa har ƙofar shago, mijin maƙwabciyar ya aika da shi ƙauyensu aka shuka. Tsokana dai ba su fasa ba har mutuwa ta raba.

Yanzu Abuja ta haɗiye Jiwa, gonar tamu duk gidaje ne masu dogayen katangu. Ruwan Abuja ma ba ya da lokaci: rana ta take, kafin ka kai bakin titi hanya ta zama kogi, don an gina gidaje a kan hanyarsa, magudanai kuma sun cika da leda. Bara ruwan ya shiga ɗakin ajiyar wani kawuna a Kuje, shi kaɗai ya rage yana noma a cikinmu, irin jar dawar ya ruɓe gaba ɗaya. Tsohon ya daina cin abincin kirki. Ban yi tsammanin komai ba da na kira ɗan maƙwabciyar tamu, wanda ke da shago a Masaka yanzu, kawai don in faɗa wa wanda zai gane.

"Haba Anti," in ji shi, "ai dawarku tana nan a ƙauye, da ita muke tuwo."

A motar haya ya aiko da ita cikin ƙaramin buhu. Kawu ya buɗe, ya damtsa, ya daɗe yana kallon jan ƙwayar a tafinsa. Makon jiya na je Kuje, na tarar da shi a gona tsaye a cikinta, ta riga ta wuce kansa.