Ranar da muka kashe wuta saboda baƙi

Shekarata goma sha ɗaya ina hura tukunyar tururi a wani injin shinkafa da ke bakin Gaya, hanyar Kademi, kuma akwai wata Laraba da har yau ba ta fita daga raina ba. Ku sababbin zuwa nake son ku ji ta, don na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya.

Ga wanda bai san aikin ba, shinkafa sai an jiƙa ta, an turara, an busar, sannan a casa. Tururin daga tukunyata yake fitowa, ɓuntu kuma, wato ƙaiƙayin shinkafar, nake ƙonawa. Duk masana'antar da ke fitar da hayaƙi sai tana da takardar izini, ba a sabunta ta sai ma'aikatan muhalli sun zo sun auna abin da bututu ke fitarwa. Tamu ƙarshen wata za ta mutu, ga shi tsakiyar kaka. In ta mutu ba hura wuta, mu goma sha huɗu sai zaman gida.

Da wasiƙa ta zo cewa ran Laraba za su iso, manajanmu Malam Tasi'u ya yi abin da kowa ke yi a nan in babban baƙo zai zo. Aka share fili, aka shafa farar ƙasa, aka kafa rumfa, aka sa a yi waina. Tun ranar Talata da la'asar ya ce in kashe wuta, wai ba a tarbar baƙo da hayaƙi a fuska. Na ce masa ni dai a ganina hayaƙin suka zo gani. Ya ce nawa hura wuta ne, karanta wasiƙa nasa ne. Na je na kashe. Da safe kuma ya sa aka yayyafa ruwa ko'ina, har kan tarin ɓuntu, kada iska ta watsa wa baƙi ƙaiƙayi.

Wajen ƙarfe goma suka iso, su biyu. Shugabar wata injiniya ce, Hajiya Rabi, sai Malam Ɗanjuma mai ɗauke da akwatin awo. Ko zama ba ta yi ba ta ɗaga kai ta dubi bututu, ta tambaya ko inji ya lalace ne. Malam Tasi'u ya gyara hula ya ce lafiyarsa ƙalau, don girmama su aka kashe.

"Malam, mun gode da karamci," in ji ta. "To me zan auna?"

Ta yi bayani ba faɗa. Awo sai tukunya tana aiki kamar kullum, in ba haka ba, sai ta rubuta cewa ba a auna ba, layi kuma ba zai sake zagayowa kanmu ba sai bayan mako shida. Yanzu Ajingi za su, akwai wani wuri da ke jiran su, amma za ta biyo bayan la'asar. In ta tarar da tururi, to.

Motarsu na fita Malam Tasi'u ya zo gindin tukunya, yau har da kirana "Malam Sale". Ya ce in nemo tsohuwar taya da baƙin mai don wuta ta kama da wuri. Na ce in na yi haka bututun zai ɗauki ƙauri har gobe, abin da akwatin zai shaƙa ke nan. Tukunya mai sanyi ba a yi mata gaggawa. Ɓuntun ma da ya jiƙa hayaƙi kawai zai yi.

Na ɗauki shebur na haƙa tarin ta gefe, sai da na shiga har ƙugu kafin na sami busasshe. Masu casa da masu ɗinkin buhu suka bar rumfa suka kama tura baro, kowa ya san tuwonsa ne a ciki. Awar farko hayaƙi ya yi baƙi ƙirin, dama haka sabuwar wuta take. Na riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ina buɗe wa iska hanya. Azahar ma a gindin tukunya na yi ta. Wajen uku da rabi allurar agogon tukunya ta hau inda take zama kullum, hayaƙin ya koma toka-toka.

Da suka dawo Malam Ɗanjuma ya hau tsani ya zura ƙarfensa a ramin bututu, ya ce wainar safe dai ta huce amma shi bai yafe ta ba. Hajiya Rabi ta tsaya kusa da ni ta tambayi baro nawa nake ƙonawa a yini. Malam Tasi'u ya buɗe baki, ta ce mai wutar take tambaya. Na faɗa mata, na rani daban na damina daban. Ta ce bayan baƙin hayaƙin da ke sa mutane tari akwai wata iska da ido ba ya gani, ita ke taruwa a sama tana ƙara zafin duniya, kuma daga yawan abin da aka ƙona ake lissafa ta. Na ce ranki ya daɗe, ni wanda nake gani ma bai bar ni na huta ba. Ta yi dariya ta rubuta.

Ba mu ci awon duka ba. Ta ce bututun ya yi gajere, ɓuntu kuma sai an yi masa rufi. Aka ba mu izinin wata uku da sharaɗin gyara, muka gyara, aka ba da cikakke. Ba wanda ya zauna a gida a kakar nan.

Abin da na ɗauka shi ne, mu nan mun iya tarbar baƙo, har mukan ɓoye masa abin da ya kawo shi. Mai awo ba surukinka ba ne. Aikinka ya zo gani yadda yake ranar da ba kowa. Saboda haka in kun ji za su zo, ku share fili in kuna so, amma kada wanda ya taɓa mini wuta.