Injin da Aka Shayar da Kanwa

Shekara biyu kafin a hana hawa babur a cikin Maiduguri abin nan ya faru, kuma har yau in na ji warin baƙin mai da ya ƙone sai ya faɗo mini a rai.

Ina da wani babban babur a lokacin, irin na tafiya mai nisa. Da shi nake zuwa Biu duk wata gaida mahaifiyata, wadda ta ƙi biyo mu birni tun da gidanmu suka bar kiwo suka koma dillancin shanu. Nakan ɗaura mata shinkafa da sukari da maganin ido. A shimfiɗaɗɗiyar hanya babur ɗin ba shi da laifi, amma da an fara hawan Biu sai ya kama nishi, wata rana ma sai da na sauka na tura shi. Ina son inji mai ƙarfi wanda kuma ba zai yashe ni a daji ba.

Na kai shi wurin wani tsohon makanike a Moduganari, Babarbare, wanda sahu ɗaya muke tsayawa da shi a masallaci. Ya saurari injin ya daɗe, kunnensa kusa da ƙarfen.

"Za a iya, Malam," ya ce. "Zan faɗaɗa ramin fistan, amma kaɗan. A kawo sabon fistan daga Kano daidai ramin. Mako uku. In na gama kuma, mako biyu za ka riƙa jansa a hankali kamar saniya mai ciki."

"Baba, mako biyar ke nan fa."

"Ka iya lissafi," ya ce.

Kwana goma ina zuwa ina tarar da kayan injina a jere kan buhu, an wanke kowanne da fetur, tsoho yana auna wannan yana ajiyewa, yana ɗaukar wancan yana dubawa a rana. Fistan bai iso ba. Raina ya ɓaci. Wata rana bayan la'asar, a dakalin ƙofar masallaci inda muke zama, wani ya tambaye ni labarin babur, sai na ce, "Ai Baba hannunsa ya mutu, sai dai a girmama furfura." Aka yi dariya. Yana zaune a ƙarshen dakalin da carbinsa, bai ɗago kai ba.

Washegari na kwashe kayana na kai wa wani makanike a hanyar Maisandari, mutum mai faɗin baki da ƙaton agogo. "Alaji, kwana biyu!" ya ce. "In ka tashe shi, sai an ji ka daga nan har tasha." Bai yi ƙarya ba a kan wannan. Da na taka shi, ƙarar ta kori awakin unguwa. Na ji daɗi, Allah Ya yafe mini, har na zaga ta gaban garejin tsohon don ya ji.

Ranar Asabar na ɗaura kaya na kama hanya. Na wuce Damboa kaɗan sai na ji wani wari kamar ana ƙona fata. Na duba ƙafata, na ga mai yana tsartuwa, ya ɓata mini wando har gwiwa. Kafin in sami inuwar tsayawa injin ya buga, ya yi shiru. Ban ga mahaifiyata ba wannan watan. Motar shanu ce ta dawo da ni, ni da babur da shinkafar tsohuwa, ina tsugune cikin ɗanyen kashin shanu, ƙuda na bin fuskata.

Ban koma Maisandari ba, don na san abin da zan faɗa a can ba zai yi wa lahirata amfani ba. Na sauke babur a ƙofar tsoho. Ya shimfiɗa buhu, ya kwance injin a gabana, yana miƙo mini abu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da aka sa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don hana mai zuba, kwalin sabulu ne aka yanka, har rubutun jikinsa ana iya karantawa. Fistan ɗin tsoho ne na wani injin, an goge shi ya yi ƙyalli. Ramin kuwa an ƙwaƙule shi har bangon ya koma kamar ɓawon ƙwai. Wata ƙusa da ta ƙi kamawa an naɗe ta da waya. An fasa salansa an cire hanjinta, daga nan ƙarar take. Sannan ya zare toshiyar mai, wani abu mai kauri baƙi ƙirin ya riƙa fitowa a hankali kamar miyar kuka da ta kwana.

"Man giyar mota ne," ya ce. "Ana zuba shi don ya rufe bakin injin da ke kuka. Taɓa ka ji."

Na taɓa.  Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne na san wannan aikin. A kasuwar shanu na girma. Na ga yadda marasa tsoron Allah ke ba ramammiyar saniya kanwa su kai ta rijiya ta sha har cikinta ya kumbura, baƙo ya zo ya saya yana murna. Mahaifina ya koya mini in taɓa ƙashin baya, kada in dubi ciki. Ga shi an shayar da injina kanwa, na biya, har na yi godiya.

Tsoho ya shiga ciki ya fito da wani abu a naɗe cikin tsumma. Fistan ɗin Kano ne, ya iso kwana biyu bayan na kwashe kayana.

"Ban mayar ba," ya ce. "Na san za ka dawo."

Sai da aka nemo wani bulok, wato gangar jikin injin, don wancan ya tashi aiki. Wannan karon wata guda ya ɗauka, ban buɗe baki ba. Abin da ya ce in kiyaye na rubuta shi da ajami a bayan littafin da nake yawo da shi: kada in matsa masa, in canza mai bayan mako guda, in tsaya ya huce in rana ta take. Mako biyu ina rarrafe a titi, masu keke suna wuce ni suna yi mini sannu.

Ranar da na hau Biu da buhu biyu a baya, ban sauka ba, ban ji nishi ba. Muryar injin ƙasa ƙasa take, har ina jin kukan tsuntsaye. Mahaifiyata ta ce ba ta ji isowata ba.

Da na dawo na je na gode wa tsoho. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Aiki ya ƙare, Malam. Amma akwai abina a wurinka, kuma ba a gareji ka ɗauka ba."

Na gane. Amma girman kai abu ne mai nauyi. Na yi ta cewa gobe, har aka hana babur, na aika nawa Biu wurin ƙanena, tsoho ya koma gyaran janareto. Sai wata la'asar, a dakalin nan, wani baƙo ya tambaya ko akwai mai gyara na ƙwarai a unguwar. Na miƙe tsaye.

"Jama'a, a nan na taɓa cewa hannun Baba ya mutu. Ƙarya na yi. Injin da ya haɗa yana can Biu yana hawa dutse har yau. Baba, ka yafe mini."

Ya ja carbinsa ƙwaya biyu ko uku kafin ya amsa.

"Abina ya iso," ya ce. "Zauna, Malam, kana tare mini iska."