Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Ɗansoshiya, karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, don haka a yi haƙuri da rubutuna. A farkon shekarun casa'in ina yarinya mai ɗa ɗaya, kuma tun da na yaye shi hankalina bai kwanta ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, shiru. Sa'o'ina da muka yi goyo tare duk sun sake haihuwa. Ba wanda ya ce mini komai, amma idan na shiga gidan suna sai in ga idanun mata sun sauka a kan cikina kafin su amsa gaisuwata.

To sai cikina ya fara tasowa. Murnar da aka yi a gidanmu ba ta faɗuwa. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta hana ni daka da ɗibar ruwa, kullum ta dama mini kunun kanwa da hannunta. Jini yana ɗan zuwa jefi-jefi, Inna ta ce ba komai, wasu matan haka suke yi. Watannin haihuwa suka cika suka wuce, ko ciwon mara ban ji ba. Aka kira ungozomar garinmu, ta shafa ta latsa, ta ce ciki ne ya kwanta, jinin nan ne ya kwantar da shi, kuma ita ta san wadda nata ya yi shekaru kafin ya tashi. Aka shiga ba ni jiƙe-jiƙe da rubutu.

Ni kuwa na taɓa yin ciki, na san yadda yake. Na farkon ya sa ni kwaɗayin yalo, nonona ya cika, yaron yana harbina har in kasa zama. Wannan kuwa ya karkata gefe guda, ba ya motsi, ga hannuwana suna ramewa har awarwarona na zamewa. Na ga duk wannan na yi shiru, saboda ina jin daɗin a kira ni mai ciki. Shirun nan shi kaɗai nake nadama.

Da numfashi ya fara yi mini wuya idan na kwanta, mijina ya kai ni asibitin Kiru. Malamar asibiti ta kara ɗan ƙahon nan na sauraren bugun zuciyar ɗa a cikina, ta daɗe tana saurare, sannan ta ce mu tafi Kano a yi mini hoton ciki. Inna da ta ji sai ta yi dariya, ta ce da a talabijin wasan kwaikwayo ake kallo, yanzu kuma hanjin mutane.

A can muka tarar da layin mata. Likitan hoton namiji ne, tare da wata malama da ke koyon aikin a hannunsa. Matan layin suka ce su dai likita zai duba su, cikinsu ba allo ba ne da za a koyi rubutu a kai. Ni kuma na ce in dai namiji ne zai buɗe mini ciki, gara in koma gida da kayana. Sai aka ja labule, likitan ya tsaya daga inda allon na'urar kaɗai yake gani, ita kuma ta zauna kusa da ni. Daga maganarta na gane 'yar wajen Doguwa ce. Ta kira ni 'yar'uwa, ta ce in yi haƙuri za ta shafa mini wani abu mai sanyi kamar kokon jiya, kuma za ta daɗe, don hannunta bai gama faɗawa ba.

Ta daɗe kuwa. Likitan yana tambayarta me take gani, yana ce mata ta yi ƙasa, ta karkata hannu, kada ta faɗi sunan abu sai ta gan shi ta fuska biyu. Ni fuskarta nake kallo. Na ga lokacin da ta daina murmushi. Ta roƙi ta sake dubawa daga farko, ya ce ta sake. Daga nan ya ce ita za ta faɗa mini, wannan ma yana cikin karatun. Ta juyo da allon wajena, ta nuna mini mahaifata, 'yar ƙarama, ba komai a ciki. A gefenta ga wani ƙaton baƙin abu, ta ce jakar ruwa ce ta fito a ma'ajiyar ƙwai, sai an yi aiki an cire. Na tambaye ta ko ɗan da ya kwanta yana iya ɓuya. Ta ce ko ɗan da ya mutu a ciki ƙashinsa yana fitowa fari, in duba da idona ko na ga fari. Na duba. Babu.

Da muka koma gida aka taso mini. Inna ta ce 'yar koyo aka ba ni, shi ya sa. Ungozoma ta ce duk wanda ya yanka cikin nan rai ya kashe. Mijina ya yi tsuru-tsuru tsakanina da uwarsa, ya ce ko mu ƙara jira zuwa kaka. Na kamo hannun Inna na ɗora a cikina, na ce ta zauna da ni har la'asar, in ta ji motsi ko na ƙiftawar ido na fasa zuwa aikin. Ta zauna, ta gaji, ta janye hannunta ta ce ai mai barci ba ya motsi. A nan na gane ba abin da zan nuna musu ya ishe su. Na ce mata, cikin ladabi, in rai ne a ciki ni za a tambaya ranar gobe, ba ita ba, kuma zan amsa. Na ce wa mijina ya kai ni, ko ya ba ni izini in hau mota a Kwanar Dangora ni kaɗai. Ya kai ni.

An yi aikin, an nuna wa mijina abin a cikin wata tasa, ya rantse wa mutane babu ko yatsa a ciki. Duk da haka har yau a garinmu ni ce wadda ta je birni aka cire mata ɗa. Ban sake samun ciki ba, sun ce alhaki ne. Su yi ta faɗa. Ina zuwa suna da biki, ina zama a tsakiyar tabarma, ba na sunkuyar da kai, domin ban kashe kowa ba. Ina numfashi yadda nake so, ina noman rani da mijina, ni nake yi wa ɗana tuwo.

Abin da na koya shi ne mace ta fi kowa sanin jikinta, amma ta fi kowa iya yi wa kanta ƙarya idan ƙaryar tana jawo mata daraja. 'Yan'uwana mata, duk wadda aka ce cikinta ya kwanta, don Allah kada ta jira ya tashi, ta je a duba shi. In kuma kin tarar da mace tana koyon aikin, ki kwanta ki bar ta ta duba ki.