Tururuwa a Ludayin Kaka

Har yau idan na ga tururuwa sun yi layi a jikin bangon kicin, sai in kasa taka su, in kuma kasa kallonsu. Ka bar ni in gaya maka dalili.

Ina da shekara tara aka haifi ƙanena, a gidan hayarmu na Gyaɗi-Gyaɗi, cikin zafin bazara irin wanda ko ruwan randa ba ya sanyi. Tsakanina da shi Umma ta haifi biyu, duk ba su kai suna ba. Matan layinmu har sun fara ce mata mai wabi, a bayan idonta.

Kakata ta wajen uba ita ke riƙe da jegon. Tsohuwa ce mai ƙarfin hannu da ƙarfin baki. In ta yi wa jariri wanka sai ka ji kamar kai ma ka miƙa mata bayanka. Amma tana da gwajinta da ta taho da shi daga ƙauye. Ranar haihuwa takan sa a tatsi nonon mai jego a ludayi, ta jefa tururuwa ciki. In tururuwar ta fito, nono lafiya lau. In ta mutu, nonon mugu ne, jariri ba zai sha ba sai an wanke shi da jiƙe-jiƙe. Sau biyu ta gwada na Umma a baya, sau biyu tururuwa ta mutu. A na ukun ma haka.

Sai aka koma ɗura wa ƙanen nawa ruwan dabino da madarar shanu. Umma ga nono ya cika har yana mata zogi, ga ɗa yana tsala ihu a gefenta, ga kunyar suruka ta ɗaure mata baki. Ranar farko kukansa ya cika gidan. Rana ta uku ya koma kamar na mage. Na tuna Umma tana taɓa maɗigarsa da ta loɓa, hawaye na ɗiga a zaninta. Ni kuwa tsoro ya cika ni, don na san yadda gidanmu yake yin shiru kafin a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Baba tela ne, mutum mai sanyi da bai taɓa yi wa uwarsa musu ba. A rana ta ukun nan, da hantsi, ya rufe shago ya tafi Tarauni, gidan wata nas da ta yi ritaya, Kirista 'yar kudu da yake ɗinka wa kaya. Ya roƙe ta ya ɗauke ta aiki, ta riƙa zuwa gida safe da yamma tana duba jaririn. Ya dawo da ita da jakarta, gumi na zuba masa, bai iya haɗa ido da Kaka ba.

"Wato ni na kasa, shi ne ka ɗauko mini baƙuwa?" in ji Kaka.

"Inna, biyu na kai makabarta da hannuna," ya ce. "Ba zan iya na uku ba."

Nas ɗin ta duba yaron, na ga fuskarta ta canja. Ta ce a ba shi nonon uwarsa yanzu-yanzu, in bai farfaɗo kafin la'asar ba sai asibiti. Kaka ta tare ƙofar ɗaki, ta ce sai dai a bi ta kanta, guba ba za ta shiga bakin jikanta ba. Matar nan ba ta ɗaga murya ba. Hausarta tas, kamar a Kano aka yanke mata cibiya.

"Hajiya, madarar da kike ba shi, kin yarda da ita?"

"Ƙwarai kuwa."

"To mu gwada ta ita ma."

Kaka da kanta ta zuba madarar a ludayin, da kanta ta tsinto tururuwar. Muka zuba ido. Tururuwar ta yi ta wutsil-wutsil, ta zagaya, ta zagaya, sannan ta tsaya cak. Kaka ta sake jefa wata. Ita ma haka.

Ba wanda ya ce wa Kaka ta matsa. Da kanta ta zauna daɓas a dokin ƙofa. Yaron ya kasa kama nono don galabaita, sai nas ta riƙa ɗiga masa da cokali, ɗigo-ɗigo, Umma na tatsa tana kuka. Can wajen la'asar ya buɗe baki ya yi ƙara, muka yi ta hamdala. A nan ne Kaka ta ɗago, ta dubi nas ɗin.

"'Yar nan, su biyun na farko fa?"

Matar ta sunkuyar da kai tana rufe jakarta. Baba ya fita waje.

Ƙanen nawa yau magidanci ne. Ni ma da na haihu a Hotoro, ta waya na samo mai kula da jariri, ta zo da takardunta, ta yi aikinta da kyau, ta tafi. Yanzu haka ake yi, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai ranar wankan fari na yi kewar hannun tsohuwa har na yi hawaye. Kaka ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, an haifi jikoki da yawa a gabanta. Duk wanda aka miƙo mata sai ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi, ta ce a ba wanda ya iya.