Kin Riga Kin Biya

Yau 'yata Falmata ta yi atishawa a wurin shanyar tattasai, sai wani tsoho ya faɗo mini a rai. Haka yake yi shi ma, har hularsa ta karkace. Depite ne, ɗan majalisa, dā can kuma babba a ofishin lampo, wato haraji, shi ya sa muke tsoronsa.

Ranar da zazzaɓi ya sanƙarar mini da ita tana jaririya, ina tsaye a bakin hanyar Geskeru, motarsa ta tsaya. Na ce, "Baba, ba ni da kuɗin mota."

Ya ce, "Lampon tattasanku ne ya zuba man nan, 'yata. Shigo, kin riga kin biya."

Har asibitin Diffa tafinsa mai sanyi yana kan goshinta. Ga ta nan tana guje-guje. Allah ya sanyaya masa makwanci haka.