Takardar Hutun Ɗan Ga-ruwa

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, ina aikin jinya a ɗakin shan magani na Matameye. Ni ba lokotoro ba ne, wato cikakken likita, amma kowa Likita yake ce mini, ban kuma taɓa hana su ba. Abin da ke cikin kabad ɗina bai wuce asfirin da kinin da kwalbar maganin miki ba, sai takarda da hatimi.

Akwai wani magidanci daga wajen Tsauni da ya saba zuwa wurina. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru yana zuwa cin rani Kano yana ga-ruwa, sanda da garwa biyu sun cinye masa kwankwaso. Ciwon kan taso daga ƙugu ya bi bayan cinyar hagu har tafin ƙafa. Kafin ya zo mini wanzamai sun riga sun yi nasu, bayansa duk shatin ƙaho ne.

Babu ciwon da ke ba ni haushi a aikina irin wannan. Zazzaɓi ka ba da kinin, cikin kwana uku ka san inda aka kwana. Ciwon baya kuwa zama yake yi da mutum, kai kuma kullum kana maimaita magana ɗaya. Ga mutanenmu da son allura, in ba ka tsira musu ba to ba ka yi komai ba.

"Likita, ko guda ɗaya ce a taimaka," in ji shi.

Na ce, "Baba, naka ba na allura ba ne."

Na koya masa kwanciya a tabarma ya naɗo gwiwa zuwa ƙirji, da durƙusawa in zai ɗauki abu, da gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi. Ya dube ni sheƙeƙe, amma ya yi. An rufe iyaka a lokacin, babu zuwa Kano, bayan ya samu hutun da bai taɓa samu ba. Wata biyu sai ga shi yana ruku'u ba dafa bango. Na ji daɗi ƙwarai, har alfahari na riƙa yi da shi.

Sai rumbu ya ƙare. Hukumar soja ta buɗe aikin gyaran hanya, mutum ya wuni yana ɗaukar marmara a ka, da yamma a auna masa jar dawa. Ya sa sunansa bai faɗa mini ba. Kwana takwas aka kawo mini shi a kan jaki, ko miƙewa ba ya iya yi.

Raina ya ɓaci, na yi masa faɗa kamar ni na haife shi. Na jawo takarda na rubuta da Faransanci cewa kada ya ɗauki kaya har wata uku, na buga hatimi da ƙarfi. A zatona za su ba shi aiki mara nauyi, ko da tsaron kayan aiki ne. Ban tambayi kowa ba. Shi kuma bai iya karatun boko ba, ya karɓa da hannu biyu yana tsammanin alfarma na roƙa masa.

Kofur ɗin da ke kula da aikin ya karanta, ya soke sunansa nan take. Ya ce ai Likita ya rubuta ba ya iya aiki, wanda bai yi aiki ba kuwa babu awo.

Kwana biyu ina zarya. Kofur ya ce shi ba zai ja da takarda mai hatimi ba, in an zo bincike wa zai tsaya masa? A biro, wato ofishin hukuma, aka ce jerin marasa lafiya da ake ba tsaba kyauta an rufe shi an aika Zinder. Na ɗaga murya, akawun ya nuna mini sojan da ke bakin ƙofa da ido, na kama hanyata. Hanya ɗaya ta rage, in sake rubuta cewa ya warke.

Washegari ya zo da kansa, ya ƙi zama don zaman ma ciwo ne.

"Likita, na warke. Duba ka gani."

Ya sunkuya zai taɓa yatsun ƙafarsa. Ƙafar hagu tana rawa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ya ɗago yana yi mini murmushi. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Baba, in ka koma ɗaukar marmara ƙafar nan shanyewa za ta yi. Ba tsoro nake ba ka ba."

"Na sani," ya ce. "Yau kwana huɗu ba a ɗora tukunya a gidana ba. Yara shida ne, Likita."

Na rasa wanda zan huce a kansa. Ni na koya masa yadda zai tsare bayansa, ni na raba shi da abincinsa, yanzu kuma ni zan sa hannu a kan ƙarya. Na rubuta cewa lafiyarsa lau, yana iya kowane aiki. Na haɗa masa da asfirin, wanda na san ba zai yi masa komai ba.

Ya yi aikin har damina ta faɗi. Yaran duka sun ga sabon gero. Ƙafar kuwa ta shanye kamar yadda na faɗa, kuma ban taɓa baƙin cikin fitowar gaskiyata ba irin wannan karon. Har aka canza mini wurin aiki, duk ranar kasuwa sai ya biyo yana dogara sanda yana jan ƙafar, ya tsaya bakin taga ya ɗaga hannu ya sa mini albarka don na mayar da shi aiki. Ban taɓa iya cewa amin da ƙarfi ba.