Masarar Yaya a Garejina

Garejin da na gina a Faskari bai taɓa kwana da mota ba. Kafin a rufa masa kwano na sayar da motar, ya zama ɗaki mai faɗin ƙofa da daɓen siminti sumul. Yayana da ke noma a Tafoki ya zo ya ƙwanƙwasa daɓen da sandarsa, ya ce wannan ya fi kowane rumbu. Bayan kaka ya kawo buhunan masararsa ya jere su a ƙasa, ya datse da kwado. Niyyarsa ya riƙe ta har tsakiyar damina, lokacin da hatsi ke tsada. Dangi kuwa ya shaida masu cewa bana gona ba ta yi ba, ɗan abin da aka samu ya tafi kasuwar Yankara.

Da damina ta kankama na buɗe wata safiya, na iske daɓen ya jiƙe yana sheƙi kamar goshin mai faskare. Kwanon ba ya yoyo. Matata Hajiya ta ce fitsarin awaki ne. Na ce akuyar da ta iya buɗe kwado gara mu bar mata gidan.

Ni dai na gane ciwon. Na zauna Fatakwal da Kumasi da Duwala, inda bango ma gumi yake, takalmi ya kwana biyu ƙarƙashin gado ya fito da gashi. Can magina sai sun shimfiɗa leda suke zuba kankare, ɗan kasuwa kuma ba ya aje buhu sai kan katako. Mu nan ƙasa takan yi rabin shekara a bushe, har mu manta ta san ruwa. Na shimfiɗa leda a daɓen na danne gefunanta da bulo. Washegari ta jiƙe ciki da baya: ƙasa na turo danshi, iskar da aka kulle a ɗakin kuma tana sauke nata a kan siminti mai sanyi.

Na aika aka kira Yaya, ya zo. Na ce a ɗaga buhunan kan katako, a riƙa buɗe ƙofa duk ranar da rana ta fito. Katako ya yarda. Ƙofa ya ce sam, domin tana kallon bishiyar da dattawan unguwa ke zama, kuma rabinsu danginmu ne ko surukai.

Ya zuba toka, ta zama caɓi. Ya sa garwashi a kasko ya rufe ɗakin, hayaƙi ya turnuƙe har Hajiya ta fito da bokiti. Da muka juya buhun ƙasa, ya fara hunhuna, wasu ƙwayoyi ma sun tsiro ta jikin buhun kamar su ma sun gaji da jiran kasuwa.

Na ce, “Yaya, ko iska ta shiga, ko masarar ta ruɓe.”

Ya ce, “Alhaji, kai da ka yi yawon duniya, ina ka ga iska ta shigo ita kaɗai? Da idanu take tafe.”

Ya shinshina buhu na biyu, sannan ya buɗe ƙofar da kansa. Muka shanya masarar a kan tamfol a ƙofar gida, ga ta rawaya, ana hango ta daga bakin titi. Dattawan suka taso ɗaya bayan ɗaya. Wani surukinmu ya gaishe shi da kyau, ya tambaya ko kasuwar Yankara ce ta maido da kaya.

Yaya bai ko ƙifta ido ba. Ya ce, “Ai ta Alhaji ce. Ni taya shi shanya na zo.”

Sai duk suka juyo kaina. Wannan ya ce iyali sun yi yawa, wancan ya ce matarsa ta haihu, ga watan Agusta. Tunda an ce tawa ce, na sa aka ɗauko tiya. Ban taɓa jin daɗin kyauta irin ta ranar ba, har tozo nake yi wa awon.

Daɓen ya bushe cikin makon, masarar da ta rage ta tsira. Amma a ranar rabon, Yaya ne ke riƙe wa mutane bakin buhu ina zubawa. Duk wanda ya ce Allah ya ƙara wa Alhaji buɗi, sai ya amsa da amin, yana harara ta ƙarƙashin hula.